Zinaren Asante ya dawo Manhyia: wa zai biya wa yaranmu kuɗin shiga?

  

Tun ranar 1 ga Mayun 2024 ake nuna wa jama'a kayan sarautar Asante guda 32 a gidan tarihin fadar Manhyia, nan Kumasi. Guda 15 sun zo daga babban gidan tarihin Birtaniya da ake kira British Museum, guda 17 kuma daga gidan tarihin Victoria and Albert, duk a birnin Landan. A cikinsu akwai takobin sarauta, da lofen zinare, da faya-fayan zinare da wasu fadawan Asantehene ke ratayawa a ƙirji. Sai dai ba kyauta aka dawo da su ba, kuma ba har abada ba. Aro ne na shekara uku, da damar ƙara wasu ukun. Ke nan wa'adin farko zai cika a 2027.

Daga Alabar ko Akwatia Line mutum zai taka da ƙafa zuwa Manhyia, daga Aboabo ko Asawase kuma tafiyar ba ta da yawa. Amma idan aka tsaya a kowane masallaci namu bayan sallar Magariba aka ce wanda ya shiga ya ga kayan nan ya ɗaga hannu, hannuwan ba za su yi yawa ba. Daga cikin uzurin da ake kawowa har da kuɗin shiga. Wasu ma suna cewa: a Landan, wurin waɗanda suka kwashe kayan, shiga gidan tarihi kyauta ne, to me zai sa a nan wurin masu kayan sai an biya? Tambayar ta cancanci a zauna a yi mata amsa da hujja, domin lokaci yana tafiya.

Yadda kayan suka tafi da yadda suka dawo

A watan Fabrairun 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi, suka kwashe abin da suka samu a fada, suka rusa ta, suka cinna wa garin wuta. Yaƙin ne Asantawa ke kira Sagrenti. A yarjejeniyar Fomena da ta biyo baya aka ɗora wa Asante tarar zinare oza 50,000. A 1896 Turawan suka sake dawowa, suka kama Asantehene Prempeh na ɗaya, suka ƙara kwasar kaya. Daga ƙarshe aka kai shi tsibirin Seychelles, bai dawo gida ba sai 1924. Ginin da aka yi masa a 1925 shi ne Otumfuo Opoku Ware na biyu ya mayar gidan tarihi a 1995.

Shekarar 2024 ta haɗa abubuwa uku: shekara 150 da yaƙin Sagrenti, shekara 100 da dawowar Prempeh, da shekara 25 da hawan Otumfuo Osei Tutu na biyu. A watan Fabrairun shekarar gidan tarihin Fowler na wata jami'a da ke Los Angeles a Amurka ya maido da kaya bakwai, ya kuma bar su ga masu su ɗungurungum. Na Landan kuwa sun ce dokokin ƙasarsu, ta 1963 da ta 1983, sun hana su rabuwa da abin da ke hannunsu, shi ya sa aka tsaya a kan aro. An ƙulla yarjejeniyar da fadar Manhyia ne, ba da gwamnatin Ghana ba.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mutane da yawa a ƙasar nan ba su ji daɗin a ara wa mutum kayan kakansa ba, kuma suna da gaskiyarsu. Amma ko mun so ko mun ƙi, abin da ke a rubuce shi ne aro, kuma aro yana da ranar mayarwa. Yaron da ke aji shida a yau, idan bai shiga ya gani ba kafin wa'adi ya cika, wataƙila sai ya nemi bizar Ingila kafin ya sake samun wannan dama.

Kyautar Landan, wa ke biyanta?

Gaskiya ne British Museum ba ya karɓar kuɗin shiga babban zaurensa, kuma tun Disambar 2001 manyan gidajen tarihin gwamnati a Ingila suka zama kyauta. Victoria and Albert ya taɓa sanya kuɗin ƙofa a shekarun 1990, masu zuwa suka ragu, da aka cire kuma cikin shekara guda suka ninka. A 2024 kaɗai mutum wajen miliyan shida da rabi suka shiga British Museum.

Amma akwai wanda yake biya. Gwamnatin Birtaniya tana ba gidan miliyoyin fam kowace shekara daga harajin jama'a. Ban da wannan akwai gudummawar attajirai da kamfanoni, da kuɗin kantunan sayar da tsaraba, da tikitin baje koli na musamman, wanda shi ba kyauta ba ne. An ɗauke kuɗin daga bakin ƙofa ne aka mayar da shi baitulmali. Mun san irin wannan a nan gida: tun 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne ga ɗalibi, amma gwamnati ce ke biyan abincinsa da littattafansa, kuma duk lokacin da kuɗin suka makara makarantu suna ji a jikinsu.

Sannan wannan kyauta ta Landan, ga mutumin Sawaba ko Yalwa, ita ce mafi tsadar shiga a duniya. Kafin ya isa ƙofar da ba a biya, sai ya biya kuɗin biza fiye da fam 100, wadda ba lalle a ba shi ba, sannan ga kuɗin jirgi da masauki. Shekara 150 kayan nan suna wurin da kusan duk jikokin masu su ba za su iya zuwa ba.

Su kansu Turawan sun fara canza magana. A 2024 Mark Jones, wanda ya riƙe shugabancin British Museum na wucin gadi, ya ba da shawarar a riƙa karɓar fam 20 daga baƙi 'yan ƙasashen waje. Gidan tarihin Louvre na birnin Paris ya ƙara wa waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba kuɗin shiga daga yuro 22 zuwa 32 a Janairun 2026. Metropolitan na birnin New York, wanda a da kowa ke ba da abin da ya sawwaƙa, tun 2018 ya yanka wa waɗanda ba mazauna jihar ba farashi. A Turkiyya, tun Janairun 2024 masu yawon buɗe ido daga waje suna biyan yuro 25 kafin su shiga Ayasofiya, masu zuwa sallah kuwa ba sa biya. Idan ƙasashen da suka fi mu kuɗi suna neman inda za su ƙara, ba adalci ba ne mu ce gidajen tarihinmu su rayu da iska.

Abin da gidan tarihi ke ci

Wanda bai taɓa tunanin abin ba zai ɗauka gidan tarihi ɗaki ne kawai da aka jera tsofaffin kaya. Amma zinare yana son masu gadi dare da rana, da na'urorin tsaro, da inshora. Tufafi da fata da katako da takarda suna son a daidaita musu sanyi da danshi, kuma mun san abin da damunar Kumasi da gara ke yi wa littafin da aka bari a akwati. Ana buƙatar lantarkin da ba ya yankewa, da janareta da mansa idan ya yanke. Ana buƙatar ma'aikatan da suka karanci aikin, da masu zagayawa da baƙi, kuma kowannensu yana da iyali. Masu ba da aro ma ba sa sakin kayansu sai sun ga an cika irin waɗannan sharuɗɗa.

Rashin kuɗi yana kashe tarihi kamar yadda yaƙi ke kashe shi. A Satumbar 2018 gobara ta cinye gidan tarihin ƙasar Brazil da ke Rio de Janeiro, ta lashe mafi yawan kaya kimanin miliyan 20, bayan shekarun da ma'aikatansa suka yi suna kukan ba a ba su kuɗin gyara. Namu gidan tarihin ƙasa da ke Accra, wanda aka buɗe a Maris na 1957, an rufe shi a 2015 domin gyara, bai sake buɗewa ba sai 2022. Shekara bakwai ɗaliban ƙasar nan ba su da hanyar shiga, da kuɗi ko babu kuɗi.

Mu kuma tuna halin aljihun gwamnati. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta wuce kashi 54 cikin ɗari, a 2023 ƙasar ta shiga shirin bashin dala biliyan uku na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Gwamnatin da ke cikin wannan hali asibiti da albashi za ta fara dubawa. Ga shi kuma gidan tarihin Manhyia ba na gwamnati ba ne, na masarauta ne. Saboda haka wanda ya ce a soke kuɗin shiga baki ɗaya, sai ya faɗa mana inda za a samo madadinsa. Mu dai ba mu ga laifin karɓar kuɗi a ƙofar gidan tarihi ba.

Wanda ƙofa ke mayarwa gida

Amma wannan rabin magana ne. A 2025 mafi ƙarancin ladan aikin yini a Ghana bai cika sidi 20 ba. Kuɗin da ma'aikacin banki ba zai waiwaya ya duba ba, ga mai ɗaukar kaya a Kejetia ko mai sayar da koko da ƙosai kuɗin cefane ne. Kuma gidajenmu na Zongo ba gidajen yara biyu ba ne. Uban da ke da yara shida, ga na ƙaninsa da yake riƙo, duk ƙanƙantar tikiti sai ya ninka shi, ya haɗa da kuɗin trotro da na ruwa. Daga nan ya ce a bari sai wani lokaci, wani lokacin kuma ba ya zuwa.

Jamhuriyar Benin ta nuna mana abin da ke faruwa idan aka buɗe ƙofa. A Nuwambar 2021 Faransa ta maido da kayan masarautar Abomey guda 26 da sojojinta suka kwashe a 1892. A Fabrairun 2022 aka baje su a fadar shugaban ƙasa da ke Kwatano, shiga kyauta, kuma cikin 'yan watanni kusan mutum 200,000 suka je suka gani. Wannan ya rushe maganar da ake yawan yi cewa talakan Afirka bai damu da gidan tarihi ba. Da aka cire masa shinge, ya bi layi.

Yawancin wuraren tarihi a Ghana sun riga sun raba farashi: na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibai da yara ƙasa da na manya. Haka Indiya ke yi a Taj Mahal, inda ɗan ƙasa ke biyan rufi 50, baƙo ya biya fiye da 1,000, yara 'yan ƙasa da shekara 15 su shiga kyauta. Tsari ne mai ma'ana, muna goyon bayansa. Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi daga Amurka ko Jamus, ƙarin da za a yi masa ba zai hana shi barci ba. Sai dai tsarin yana da ramuka biyu da mu mutanen Zongo muka fi kowa faɗawa cikinsu.

Rami na farko shi ne tambayar wane ne baƙo. Da zarar farashi ya rabu biyu, sai wani a bakin ƙofa ya yanke hukuncin wanda yake ɗan ƙasa. Dattawanmu ba su manta da Nuwambar 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi, aka raba iyalai, har da waɗanda a nan aka haife su. Har yau akwai ofisoshin da sunan mutum ko harshensa ke jawo masa tambayoyin da ba a yi wa wani. Ba ma so yaron da kakan kakansa ya zauna a Kumasi ya tsaya yana kare kansa kafin a sayar masa da tikitin ɗan ƙasa. Ban da wannan, muna da dangi da ke zuwa mana biki daga Maraɗi da Kano da Wagadugu da Lome. Ɗora musu farashin mai dala bai dace ba. Indiya ta ware wa maƙwabtanta farashi na tsakiya, mu ma za mu iya yin haka ga 'yan Afirka.

Rami na biyu shi ne tambayar wane ne ɗalibi. Makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Ghana suna da rajista da rigar makaranta, ba su da matsala. Amma almajirin makarantar allo, da yarinyar da ke zuwa makaranta Asabar da Lahadi, da matashin da ke koyon ɗinki ko kanikanci yana karatu da dare, ba su da katin da za su nuna. Rangwamen da aka yi domin ɗalibai sai ya tsallake waɗanda suka fi kowa buƙatarsa.

Kuɗin Laraba da rijiyar Ruma

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce ga ɗaliban fiƙihu. Malamai sun daɗe da tattauna halaccin karɓar lada a kan karantar da Alƙur'ani. Mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, ta halatta. Magabatan Hanafiyya sun hana, amma na bayansu suka halatta, dalilinsu kuwa shi ne an daina ba malamai rabonsu daga baitulmali, idan kuma ba a biya su ba za su tafi neman abinci karatu ya ɓace. Halin gidajen tarihinmu ke nan: inda baitulmali ya gaza, sai a koma ga masu amfana.

Mu duba kuma yadda kakanninmu suka aiwatar da wannan halacci. Kuɗin Laraba ɗan abu ne da yaro ke kai wa malam mako-mako. Mai hali yana ƙarawa, ya aika da hatsi ko riga lokacin Sallah. Marayan da bai kawo ba, ba a ƙwace masa allo. Malam yana samun na tuwo, ƙofar makaranta kuma ba ta rufe ga kowa ba.

Misali na biyu daga Madina yake. Rijiyar Ruma tana hannun wani mutum da ke sayar da ruwanta, har Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya saye ta ya mayar da ita wakafi, kowa ya sha. Ruwan ya zama kyauta ne saboda mutum ɗaya ya biya wa kowa. Da irin wannan wakafi Musulmi suka riƙe makarantu da asibitoci da ɗakunan karatu ƙarni bayan ƙarni. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne: ilimin da ke cikin gidan tarihi dole wani ya biya kuɗinsa, amma bai kamata a ce yaron talaka ne zai biya ba.

Me ya haɗa mu da tarihin Asante?

Wani zai ce wannan kayan Tonawa ne, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Asantawa, ina ruwan ɗan Zongo? Amsar tana cikin tarihin kansa. Thomas Bowdich, Baturen Ingila da ya zo Kumasi a 1817, da Joseph Dupuis da ya zo a 1820, duk sun rubuta cewa sun tarar da Musulmi daga Gwanja da Dagomba da Mamprusi da ƙasar Hausa a fadar Asantehene Osei Bonsu, suna ciniki, suna rubuta wasiƙu da Larabci, ana shawara da su. Babbansu shi ne Muhammadu al-Ghamba, wanda ake kira Baba. Rigar yaƙin sarakunan Asante, batakari, cike take da layun da malamai suka rubuta. A ɗakin karatu na masarautar Denmark da ke Copenhagen akwai ɗaruruwan takardun Larabci da suka fito daga Kumasi na wancan zamani, waɗanda masana ke dangantawa da yaƙin Katamanso na 1826. Fataken goro da suka bi ta Salaga zuwa Kano da Sakkwato suna cikin tushen arzikin da ya ƙawata fadar.

Akwai kuma ɓangaren da ba ma yawan faɗa. A yaƙin 1874 akwai sojojin da Turawa ke kira Hausawa a cikin rundunarsu, har da waɗanda John Glover ya jagoranta ta gefen kogin Volta. A 1900, lokacin da Yaa Asantewaa ta jagoranci yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a ganuwar Kumasi, irin waɗannan sojoji ne ke ciki tare da shi. Ganuwar ita ce yanzu gidan tarihin sojoji da ke Adum. Turawa suna laƙaba sunan Hausa ga kusan duk ɗan arewa mai jin harshen, kuma da yawansu bayi ne da suka gudu ko talakawan da suka shiga aikin soja domin neman abinci. Duk da haka, wannan ma tarihinmu ne. Gara yaronmu ya ji shi daga bakin malaminsa, da cikakken bayani, da ya ji shi a matsayin gori ranar da aka yi faɗa a kasuwa.

Wasu iyaye suna ɗari-ɗari saboda mutum-mutumin sarakuna da kayan al'ada da ake nunawa a irin waɗannan wurare. Duk mai shakka ya tambayi malaminsa. Abin da za mu ce shi ne, Alƙur'ani a surori da dama, kamar Ali Imrana da Rum, ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar izina daga al'ummomin da suka gabata. Mai zuwa domin ilimi yana shiga da aƙidarsa ya fito da ita, ya kuma girmama masu gida, kada ya yi izgili da abin da suke darajawa.

Abin da muke roƙo

Ga fadar Manhyia, da hukumar gidajen tarihi ta Ghana, da rundunar soja mai kula da gidan tarihin Adum, da cibiyar al'adu inda gidan tarihin Prempeh na biyu yake, muna miƙa roƙo huɗu cikin girmamawa.

Na farko, a ci gaba da karɓar kuɗi daga manya masu hali da baƙi masu yawon buɗe ido, amma yaran firamare su shiga kyauta. Faransa, duk da tsadar Louvre, ba ta karɓar komai daga 'yan ƙasa da shekara 18.

Na biyu, a ware rana ɗaya a kowane wata da mazauna Kumasi za su shiga ba tare da biya ba, a sanar da ita a rediyo da Twi da Hausa, musamman kafin wa'adin aron ya cika. Kashegarin Sallah, ranar da yara ke yawo da sababbin kaya, ta dace da irin wannan.

Na uku, a karɓi wasiƙar limami ko ta shugaban makaranta a matsayin shaidar ɗalibta, a kuma rubuta a fili takardun da ke tabbatar da ɗan ƙasa, domin kada abin ya rataya a kan ganin damar mai tikiti. A ware wa 'yan Afirka farashi na tsakiya.

Na huɗu, a riƙa bayyana wa jama'a abin da aka tara a shekara da abin da aka yi da shi. Mutum yana biya da daɗin rai idan ya ga rufin da kuɗinsa ya gyara.

Abin da ke kanmu

Ba za mu yi ta roƙo mu zauna ba. A Ingila ma, binciken da aka yi bayan 2001 ya nuna cewa da yawa daga ƙarin masu shiga waɗanda dama suke zuwa ne suka ƙara yawan zuwa. Cire kuɗi kaɗai ba ya kawo wanda yake ganin wurin ba nasa ba ne. A cikinmu akwai masu kashe dubban sidi a anko da walima, amma ba su taɓa kai yaransu gidan tarihi ba. Wannan ba laifin mai tikiti ba ne.

Kowane kwamitin masallaci zai iya ware tarin Juma'a ɗaya a shekara domin kai ɗaliban makarantarsa Manhyia da Adum. Attajiri ɗaya daga masu shanu ko masu motoci zai iya ɗaukar nauyin aji guda, ya yi niyyar sadaka. Shugabannin makarantu su rubuta wa gidan tarihi tun da wuri su nemi farashin ƙungiya. Malami ya karantar da labarin 1874 da 1896 da 1900 kafin ranar tafiya, domin yaron da ya san labari shi ne ke ganin abu, wanda bai sani ba kallon gilashi kawai yake yi. Ɗalibanmu na jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi za su iya rakiya su fassara da Hausa. Sarkin Zongo da sarakunan ƙabilu da limamai, waɗanda suke da bakin magana a fada, su ne suka fi dacewa su kai waɗannan roƙe-roƙe. Asusun raya Zongo da aka kafa da dokar 2017 shi ma akwai ilimi da al'adu cikin aikinsa, ya kamata a tambaye shi.

Daga nan sai mu waiwayi namu akwatunan. Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausa, kuma da yawa daga abin da ya tsira ya tsira ne saboda cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta bi gidajen malamai a shekarun 1960 ta kwafe su. A gidajen malaman Kumasi har yau akwai Alƙur'anai rubutun hannu, da wasiƙu, da ijazozi, da waƙoƙin ajami, a cikin gafaka da akwatin ƙarfe. Babu sojan da zai zo ya kwashe su. Gara ce da ruwan sama da rabon gado ke cinye su a hankali. Idan muka taɓa kafa ɗakin da za a adana su, mu ma za mu fuskanci wannan tambaya ta wa zai biya mai gadi da lantarki. Amsar da muke ba Manhyia yau ita za mu ba kanmu: mai hali ya biya, wakafi ya cike giɓi, yaro ya shiga.

Wa'adin farko na aron zai cika a 2027. Ko za a ƙara shi ko ba za a ƙara ba, wannan yana hannun fada da Landan. Abin da ke hannunmu shi ne yawan yaran Zongo da za su gani da idonsu kafin lokacin, kuma gani ya kori ji. Muna kira ga kowane limami da ya karanta wannan ya sanya maganar a zaman kwamitinsa na gaba, a tsayar da rana, a tsayar da wanda zai rubuta wasiƙa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da Kumasi da Ghana lafiya, Ya ƙara danƙon zumunci tsakaninmu da maƙwabtanmu.